Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Martani Kan Dabbobin Tsauni Da Sauyin Yanayi

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa ya yi kwanakin baya a kan dabbobin da ke zaune a ƙololuwar tsaunuka masu sanyi, inda ya nemi ya kwantar wa masu karatu da hankali. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne, masana sun leƙa cikin ƙwayoyin gadon waɗannan dabbobi, wato DNA, sun ga suna sauyawa daidai da yadda yanayi yake sauyawa, saboda haka kukan da ake yi cewa ɗumamar duniya za ta hallaka su hayaniya ce kawai. Ya kafa hujja da wani ɗan kurege na Kalifoniya, da akuyar dutse ta Turai wadda ta farfaɗo bayan an fid da rai da ita, da saniyar yak ta Tibet mai rayuwa inda iska ta yi ƙaranci. Ya rufe da cewa ko da matsalar gaskiya ce, ta Turawa ce da duwatsunsu, babu ruwan ɗan Afirka.

Malam, misalan da ka kawo duk na gaskiya ne, ban ga ƙage a cikinsu ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kowane labari rabinsa ka ba mu. Ka ɗebi inda ya yi maka daɗi, ka bar sauran a cikin tukunya. Ni kuma zan juye tukunyar gaba ɗaya, mai karatu ya yi hukunci.

Mu fara da ɗan kuregen, tun da shi ne ginshiƙin rubutunka. Tsakanin 1914 da 1920, wani masanin dabbobi mai suna Joseph Grinnell na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya bi duwatsun Yosemite shi da tawagarsa. Suna ɗana tarko, suna rubuta sunan kowace dabba da tsayin wurin da aka kama ta, suna adana fatu da ƙoƙunan kai a gidan adana dabbobi na jami'ar. Bayan kusan shekara 90, Craig Moritz da abokan aikinsa suka sake bin sawunsu wuri bayan wuri, suka buga sakamakon a 2008. Sun tarar sanyin dare a yankin ya ragu da kimanin digiri 3, kuma rabin ƙananan dabbobi iri 28 da suka bincika sun ƙaura sama. Ɗan kuregen nan na tsauni yana cikin waɗanda abin ya fi shafa: iyakar mazauninsa ta ƙasa ta ja sama da fiye da mita 500.

Gaskiya ne, kamar yadda ka faɗa, a 2019 an kwatanta DNA ɗin da aka ciro daga tsofaffin fatun Grinnell da na kuregen yau, aka ga wata ƙwayar gado mai suna Alox15 ta yi sauyi mai yawa a cikin shekara ɗari. Wannan abin mamaki ne, kuma ya isa a ba da labarinsa. Sai dai ka manta ka ce mana tun 2012 Emily Rubidge da abokanta sun yi amfani da irin waɗannan fatu sun nuna cewa arzikin gadon kuregen ya zube. Nau'o'in ƙwayoyin gado da ake samu a zamanin Grinnell sun ragu, kuma kuregen da a da yake dangi guda mai cuɗanya ya tsinke gida-gida, kowane rukuni a maƙale a kan nasa dutsen, ba ya kaiwa ga ɗan'uwansa. Shi kansa binciken 2019 da ka dogara da shi ya sake ganin wannan tsinkewar. Kuma da sauyin Alox15 ya wadatar, da kuregen ya zauna a gidan kakanninsa. Bai zauna ba, gudu ya yi sama. Wanda ya sayar da gonar gado ya koma ɗaki guda, don an gan shi da sabuwar riga ba a ce ya yi arziki.

A nan ne nake ganin tushen kuskurenka. Ka ɗauka dabba tana ƙirƙirar abin da take buƙata a lokacin da take buƙatarsa, kamar tela da aka kai wa ɗinki. Ba haka abin yake tafiya ba. Idan yanayi ya sauya, abin da ke faruwa tankaɗe ne. A cikin garke akwai masu jure zafi da marasa jurewa tun kafin zafin ya zo. Masu jurewa su rayu su haihu, sauran su ƙare, bayan zuriya da yawa sai a ga garken ya zama na masu jurewa. To idan tun farko babu mai jurewar a cikin garken fa? Me rariya za ta tankaɗe? Hausawa sun gama magana da suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomin da ya ajiye irin gero mai saurin nuna da maiwa mai jinkiri ya san abin da yake yi: ko damina ta gajarce ko ta yi tsawo, ba zai tashi a tutar babu ba. Makiyayi ma ya san illar barin bijimi guda yana barbarar 'ya'yansa da jikokinsa, shi ya sa yake nemo wani daga garken maƙwabci.

Tambayar da ya kamata a yi ke nan: nawa ne ruwan cikin dabbobin tsauni? Amsar da binciken ya bayar ba ta goyi bayanka ba. A tsaunukan Alps na Turai akwai wata dabba da ake kira mamot, kamar ƙaton kurege mai ƙiba, tana haƙa rami, tana barcin kusan wata shida a lokacin hunturu. A 2019 wata tawaga a ƙarƙashin Markus Ralser ta karanta ƙwayoyin gadonta kaf, ta tarar bambancin da ke tsakanin wannan mamot da waccan yana cikin mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani a dabbar daji mai shayarwa. Ba farauta ce ta jawo haka ba. Ƙarewar zamanin ƙanƙara ce ta tura ta kan duwatsu, kuma halin da ta koya don jure sanyi, wato jinkirin girma da jinkirin haihuwa, shi ne ya hana ta maido da abin da ta rasa duk da dubban shekarun da suka wuce. Kai ka ce sun tsallake zamanin ƙanƙara, saboda haka za su tsallake wannan ma. DNA ɗinsu yana cewa sun tsallake, amma da kayan jikinsu kawai suka fito, kuma har yau ba su gama biyan bashin ba. A yankin Alps na Faransa, inda ake bibiyar mamot tun 1990, an ga yawan 'ya'yan da mace ke haifa yana raguwa. Dalilin kuwa dusar ƙanƙara ita ce bargon da ke rufe raminsu. Da bargon ya yi shara-shara, sanyi yana ratsa ramin, uwa ta ƙone kitsenta tana barci, ta farka a rame. Dubi yadda ɗumamar yanayi take sa dabba jin sanyi. Wanda bai bi maganar a hankali ba ba zai taɓa zaton haka ba.

Sai akuyar dutse, wadda ka yi ta yabo. Tarihinta abin alfahari ne ga masu kare namun daji. A farkon ƙarni na 19 mafarauta sun kusa ƙarar da ita, abin da ya rage bai fi ɗari ba, duk a dutsen Gran Paradiso na Italiya. An hana farautarta a 1821, Sarki Victor Emmanuel na biyu ya mai da wurin gandun farautarsa a 1856, ya zama gandun daji na ƙasa a 1922. An yi fasa-ƙwaurin 'yan awakin zuwa Suwizalan a 1906, aka fara sakin zuriyarsu a daji a 1911. Yau sun haura 50,000. To, wa ya yi wannan aikin? Doka ce, da masu gadi, da mutanen da suka goya 'yan awaki suka hau dutse da su. Misalin da ka kawo don nuna cewa a ƙyale dabbobi za su kula da kansu, shi ne mafi girman misalin cewa ba don hannun mutum ba da sun zama tarihi.

Kuma yawan kai daban, arzikin gado daban. Duk dubu hamsin ɗin nan jikokin waɗancan ɗarin ne, kuma yawancin garkuna daga 'yan tsiraru aka kafa su. Masanan Jami'ar Zurich, irin su Lukas Keller da Christine Grossen, sun shafe shekaru suna bin wannan. Sun nuna cewa garkunan da barbarar dangi ta fi yawa a cikinsu sun fi jinkirin ƙaruwa. Sun ga munanan ƙwayoyin gado masu kisa sun ragu, wannan labari ne mai daɗi, amma masu ƙaramar illa sun taru. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wanda suka buga a 2014: a wata ƙwayar gado mai muhimmanci wajen yaƙi da cuta, ɗan bambancin da akuyar dutse take da shi ma daga akuyar gida ta samo shi, ta hanyar barbara a can baya. Ba don wannan aron ba, da kusan dukkansu makulli iri ɗaya suke riƙe da shi, cutar da ta buɗe ɗaya ta buɗe duka.

Ya take yi da zafin yanzu? Francesca Brivio da abokanta sun sa wa wasu awakin dutse na'urar bibiya a Gran Paradiso da gandun dajin Suwizalan, suka buga sakamako a 2024. A ranakun da zafi ya yi tsanani, akuyar tana rage kiwon rana ta koma na dare, har a wuraren da kerkeci ke yawo. Dabbar da ta dogara da ganin nesa da tsalle a kan gwadaben dutse, ga ta tana lalube cikin duhu. Wannan dabara ce ta wanda aka matsa, kamar ɗan kasuwar da rana ta kora ya koma cin kasuwar dare a unguwar ɓarayi.

Wannan ya kawo mu ga abu biyu da ka cakuɗa: dabara da gado. Dabba tana iya sauya lokacin kiwo, ko lokacin farkawa, ko abincin da take ci, ba tare da komai ya sauya a ƙwayoyin gadonta ba. Wannan yana da iyaka, kamar yadda mutum zai iya rage tufafi idan zafi ya zo amma ba zai iya cire fatarsa ba. A Kolorado ta Amurka, 'yar'uwar mamot ta Turai ta riƙa farkawa da wuri, ta sami ƙarin kwanakin kiwo, ta yi ƙiba, yawanta ya ƙaru. Binciken da Arpat Ozgul ya jagoranta a 2010 ya nuna mafi yawan wannan sauyi daga yalwar kwanakin kiwo ya zo, ba daga sauyin gado ba. Bayan shekara goma, wani nazarin a kan dabbobin wuri guda ya ga suna ƙara tsira a lokacin zafi amma suna ƙara mutuwa a lokacin hunturu.

Akwai kuma inda dabarar ba ta aiki sam. Zomon tsauni yana yin fari fat a hunturu don ya saje da dusar ƙanƙara, ya koma ruwan ƙasa idan ta narke. Abin da ke ba shi umarnin sauya gashi shi ne tsawon yini da gajartarsa, ba ganin ƙanƙarar ba. Ɗumamar duniya ta taɓa ƙanƙara, ba ta taɓa fitowar rana da faɗuwarta ba. Sai ka ga farin zomo zaune a kan baƙar ƙasa, gaggafa na hango shi tun daga sama. Marketa Zimova da Scott Mills sun nuna cewa a Sikotilan, tsakanin 1950 da 2016, kwanakin da zomo yake yi a wannan tsiraici a kowace shekara sun ƙaru da kimanin 35, kuma lokacin sauya gashinsa bai motsa ba. Zomo fa, mai haihuwa kamar me, ya yi zuriya sama da sittin bai gyara ba. A Montana ta Amurka kuwa sun auna cewa zomon da launinsa ya saɓa da ƙasa, damar da yake da ita ta kai mako mai zuwa tana raguwa da har kashi 7 cikin ɗari.

Don adalci, a nan ma akwai haske. A jihar Washington akwai zomayen da ba sa yin fari ko a hunturu, kuma a 2018 an gano sun samo wannan hali ne daga wani zomon fili mai baƙin bindi, ta barbara, a ƙwayar gado mai suna Agouti. Wato maganin yana nan a wani lungu. Amma kafin ya kai ga zomayen da ke buƙatarsa, sai dazuzzuka sun kasance a haɗe, zomo ya bi ya tadda zomo. Idan tituna da gonaki da garuruwa suka datse hanya, maganin yana can, mara lafiya yana nan. Haka kuma na yarda akwai gardama ta gaskiya tsakanin masana a kan pika, wata 'yar dabba dangin zomo. Erik Beever ya rubuta ɓacewarta daga wurare da dama a busassun duwatsun yammacin Amurka, Andrew Smith kuma yana ganin ta fi juriya fiye da yadda ake faɗa, kuma an same ta a ƙasa-ƙasa a kwazazzabon kogin Columbia tana cin gansakuka. Hukumar kula da namun daji ta Amurka ma ta ƙi sa ta cikin jerin masu fuskantar barazana a 2010. Da a nan ka tsaya, ka ce ba kowace dabba ce za ta hallaka ba, da ban ce maka uffan ba. Daga "wasu za su tsira" zuwa "babu damuwa" akwai tafiya mai nisa, kai kuma tsalle ɗaya ka yi.

Saniyar yak ba sai mun daɗe a kanta ba. Ita da shanun gida sun raba hanya kusan shekara miliyan biyar da suka wuce. A wannan dogon lokaci ta sami babban huhu da babbar zuciya da gashi mai kauri. Duk kayan sanyi ne da ƙarancin iska, kuma su ne suke wahalar da ita idan zafi ya taso. Abin da aka gina a miliyoyin shekaru ba hujja ba ne a kan abin da za a iya warwarewa a ɗari. Tsaunukan Alps sun ɗumama da kimanin digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, kusan ninki biyu na matsakaicin duniya. A 2022 da 2023 kaɗai, daskararriyar ƙanƙarar duwatsun Suwizalan ta rasa kashi 10 cikin ɗari na girmanta. Kowane mita 100 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 0.6, ma'ana dabbar da ke son sanyin da kakanninta suka sani sai ta hau fiye da mita 300. Galibin tsaunuka kuwa kamar malafa suke, suna tsukewa ta sama, ciyawa tana ƙarewa, sai dutse tsagwaronsa. Dabbar fili idan zafi ya kore ta tana da gabas da yamma. Ta tsauni hanya ɗaya gare ta, kuma hanyar tana da ƙarshe.

Saura maganarka ta ƙarshe, cewa babu ruwan ɗan Afirka. Malam, a Habasha akwai wani jan kerkeci da babu shi a ko'ina a duniya sai can. Yana zaune sama da mita 3,000, wato ya wuce Chappal Waddi na jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Nijeriya mai mita 2,419. Abincinsa ɓerayen tsauni ne, musamman wani ƙato mai haƙa rami a duwatsun Bale. Gaba ɗaya abin da ya rage bai wuce kimanin 500 ba, a warwatse a kan 'yan tsaunukan da ba sa haɗuwa. Labarinsa irin na mamot ne: da duniya tana sanyi mazauninsa yana da faɗi, da ta ɗumama ya hau sama ya maƙale. Tun shekarun 1990 binciken ƙwayoyin gado ya nuna arzikin gadonsa kaɗan ne, har an ga wasu sun yi barbara da karnukan gida. Yanzu manoman sha'ir da makiyaya suna ƙara hawa sama, karnukansu na biye da su, ciwon haukan kare na biye da karnukan. A 1991 zuwa 1992 ciwon ya kashe kusan kashi uku cikin huɗu na kerketan da aka sani a wani kwari na Bale, ya kuma dawo a 2003. Shirin kare kerkecin Habasha da Claudio Sillero na Jami'ar Oxford ya kafa a 1995 yana yi wa karnuka da kerketai allurar rigakafi, mafi yawan ma'aikatansa 'yan Habasha ne. A duwatsun Simien kuma akwai akuyar dutse ta walia, 'yan ɗaruruwa ne suka rage. Waɗannan ba dabbobin Turawa ba ne. Tsaunukan Bale kuwa daga cikinsu koguna irin su Wabi Shebelle da Genale suke tasowa su gangara har Somaliya, miliyoyin mutane da dabbobinsu na sha. Abin da ya taɓa ciyawar da kerkeci ke farauta a kai ya taɓa ruwan mai raƙumi a can ƙasa.

Ban ce maka duk dabbobin tsauni za su ƙare gobe ba. Abin da nake cewa shi ne, binciken da ka ɗauko don ka ce a kwanta a yi barci, an yi shi ne don a san inda za a sa hannu. Shi ne yake nuna wane garken akuyar dutse ke buƙatar a kawo masa sabon jini daga wani garke, wane daji ne idan aka datse shi zomo zai rasa hanyar gadon da zai cece shi, wane rukunin kerkeci ne annoba guda za ta share. Shi ne kuma yake nuna cewa duk wannan sayen lokaci ne kawai muddin hayaƙin da ke ɗumama duniya bai ragu ba. Grinnell da kansa ya yi hasashen cewa amfanin fatun da yake tarawa sai bayan shekaru masu yawa za a gan shi, kuma an gani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina roƙonka, Malam, ka koma kan takardun nan da ka ambata, ka karanta su har shafin ƙarshe, musamman na ɗan kuregen Yosemite. Idan ka gama, ka sake rubuta mana, ka gaya wa masu karatu nawa ne ya rage tsakanin inda yake zaune yau da ƙololuwar dutsen.